Falalu da Allon da Ya Ƙi Wankuwa

Duk wanda ya zauna da Falalu mai tawada a ƙarshen rayuwarsa ya san akwai magana ɗaya da ba a yi a gabansa a wuce lafiya. Da zarar wani ya ce, "Ai Malam Uwaisu shi ne waliyyin nan da rubutunsa ya ƙi wankuwa," sai tsohon ya ajiye abin da ke hannunsa, ya gyara zama, ya ce, "Malam bawan Allah ne, wannan ba na ja. Amma zancen allon nan, zauna ka ji, don ni na yi ɓarnar." Ya fi shekara talatin yana wannan gyara, kuma ba a taɓa jin wanda ya gode masa ba.

A Zangon Marke aka haife shi, wani ɗan ƙauye a gindin duwatsu, kan hanyar da ta tashi daga Dutse ta nufi Kiyawa. Ubansa manomi ne, gero da dawa da 'yan awaki. Falalu bai shiga hannun Malam Uwaisu yana yaro ba. Ya riga ya yi aure, gemu ya fito, sa'ad da ya ji Malam yana addu'a a wajen jana'izar ubansa. Washegari ya je zauren Malam ya durƙusa, ya ce yana so a ba shi ɗariƙa. Wannan ya faru shekara huɗu kafin Nasara su shiga Kano.

Malam Uwaisu muƙaddamin Ƙadiriyya ne, gajere, marar yawan magana. Ya yi karatu a gabas, ya dawo da jakar littattafai ɗaya da allo ɗaya. Allon nan malaminsa ne ya ba shi ranar da suka yi sallama, tsufa ya mai da shi ja-ja, an naɗe mariƙinsa da fata. Ba a karatu da shi. A kansa kaɗai Malam yake yin rubutun sha: ya rubuta ayoyi, a wanke a ƙoƙo, mai ciwo ko mai damuwa ya sha.

A zauren nan akwai ƙa'ida. Ba muridin da zai yi wa mutane rubutun sha sai ranar da Malam ya miƙa masa alƙalami da hannunsa, a gaban jama'a, ranar Juma'a bayan la'asar. Wannan shi ne izini. Alƙalamin ba wani abu ba ne, sillen gamba ne aka fiƙe, amma wanda ya karɓe shi ya zama malam, har matan ƙauye su daina kiran sunansa. Shi Falalu ba abin da yake so a duniya kamar wannan sille.

Abin da aka ba shi tukunya ce. Tun makonsa na farko Malam ya ce ya riƙa taimaka wa tsohon da ke dafa tawada, da tsohon ya rasu kuwa aikin ya zama nasa. Yakan saro itacen aduwa ya ƙona, ya kashe wutar kafin ta cinye shi, ya kankare baƙin, ya daka, ya tankaɗe. Ya jiƙa ƙaro ya kwana, ya tace ta tsumma har sau uku, sannan ya haɗa ya dafa yana juyawa har ta yi kauri daidai. In ta huce ya lasa. In ya ji yashi a haƙori, ya sake tacewa. Tawadarsa tana zama a allo da sheƙi, ruwa yana taɓa ta kuma sai ta saki gaba ɗaya, ba ta barin ko tabo.

Rubutunsa ne matsalar. Karatu yana da shi daidai gwargwado, amma in ya riƙe alƙalami sai baƙaƙen su riƙa hawa kan juna kamar awaki a bakin rijiya. Kowace shekara bayan an kai amfanin gona gida yakan cika allonsa da rubutu, ya kai wa Malam ya gani. Malam, wanda idonsa ya fara rauni, sai ya kawo allon dab da hancinsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ma sha Allah. Tawadar nan ta yi kyau, Falalu." Shi ke nan. Haka aka yi shekara goma sha huɗu. A cikinsu mutum bakwai suka karɓi alƙalami, har da Sharhabilu, wani dogo mai kyan hannu wanda ya zo bayan Falalu da shekara shida. Duk su bakwai ɗin da tawadar Falalu suke rubutu.

Shekarar da jirgin ƙasa ya sa gyaɗa ta yi daraja a Kano, ƙanin matarsa Lado ya ɗora buhuna a jakuna, ya roƙi Falalu ya raka shi. Matarsa Laraba ta ɗauko 'yar jakar dabino, na itatuwan ubanta, ta ce ya sayar a birni ya sayo mata tsakiya, dutsen ado na ratayawa a wuya. Kwana huɗu suka yi a hanya.

A bakin kantin da ake auna gyaɗa ne Falalu ya ga abin da ya tsayar da shi. Wani akawu, baƙon mutum daga ƙasashen kudu, yana zaune a kan kujera yana rubutu da alƙalamin ƙarfe. Gabansa akwai 'yar kwalba. Ya tsoma, ya ja layi siriri kamar gashi, ba ɗiga, ba gudaji. Rubutun yakan fito shuɗi-shuɗi, kafin a sauke buhu biyu ya koma baƙi ƙirin. Lado yana can yana gardama kan awo, Falalu kuwa ya tsuguna gefen tebur, baki buɗe.

"Maigida, wannan wa ya dafa ta?" ya tambaya.

Akawun ya ce da 'yar Hausarsa, "Ba dafa. Daga jirgi."

"Ba a tacewa?"

"Ba tace."

"Ba ta tsami in ta kwana biyu?"

"Shekara ma. Ba komai."

Falalu ya yi tambaya uku, kamar yadda shi da kansa yakan faɗa daga baya, ya bar ta huɗun da ko jikan mai tawada zai fara da ita: shin tana wankuwa? Abin da ke kansa daban ne. Ya ga kansa yana zuba wannan ruwa a kurtun Malam, Malam ya tsoma alƙalami ya ji santsin da bai taɓa ji ba, ya ɗago ya ce, wanda ya kai tawada nan ya gama da tukunya, a ba shi alƙalami. Jakar dabinon Laraba ta koma ƙarƙashin teburin akawu, rabin kwalba ta shiga aljihun Falalu.

Da suka dawo Laraba ta shimfiɗa hannu. Ya ɗora mata kwalbar.

"Wannan a wuya ake rataya ta, ko a kunne?"

"Ke ba ki san abin da kike riƙe da shi ba. Wannan ita za ta sa a riƙa ce miki matar malam."

"Yanzu matar wa ake ce mini?"

"Matar mai tawada."

"To ai ga tawadar an ƙaro. Dabinon Baba fa?"

Ya karɓe kwalbarsa ya tura ta cikin jinka.

Ranar Litinin da hantsi aka kawo Ɗanmusa mahauci, mutum mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, wanda ƙugin ciki ya hana shi cin abinci kwana shida. Malam ya ce a kawo allo da kurtu. Falalu ya riga ya wanke kurtun tun da safe, ya juye ta kwalba a ciki. Ya ajiye a gaban Malam, ya koma gefe ya zauna. Malam yana fama da mura a makon, hanci a toshe. Ya tsoma, ya ja baƙi na farko, ya ɗan tsaya. Sannan ya ci gaba har ya cika allon ciki da baya. Ya miƙa a jingine a inuwa ya bushe.

Wankewa aikin Falalu ne. Ya riƙe allon a kan ƙoƙo, ya zuba ruwa, ya shafa da tafin hannu yadda ya saba. Ruwan ya sauka da ɗan duhu kaɗan. Rubutun yana nan. Ya ƙara ruwa, ya shafa da ƙarfi. Yana nan. Ya sa babban yatsa ya murza har fatar ta yi zafi. Ko wasali ɗaya bai motsa ba. Busasshen itacen ya shanye tawadar, ta zauna a cikinsa.

Ɗanmusa ne ya fara leƙowa. "Kai mai tawada, cikina fa yana jira." Da ya ga allon a jiƙe, ayoyi suna nan baƙi ƙirin, sai ya ja da baya ya ɗaga hannu biyu. "La ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku gani! Rubutun Malam ya ƙi barin allo!" Kafin Falalu ya buɗe baki, mahaucin ya fizge ƙoƙon ya shanye ɗan ruwan da ke ciki, har da lashe gefe.

Sharhabilu ya zo ya karɓi allon, ya juya shi, ya gwada da ruwan ɗumi. Ya ce ko tawadar bagaruwa da ake rubutun takarda da ita, in aka dage da murza takan yi sanyi, wannan kuwa ko gezau. Ba wanda ya yi zancen kurtu. Shekara goma sha huɗu ba abin da ya taɓa shiga kurtun nan sai abin da ya fito daga tukunyar Falalu, kowa ya sani. Aka kai wa Malam allon, aka faɗa masa. Ya shafa shi da yatsu, sannan ya ce a rataye shi a zaure. Ya ƙara da cewa a rufe kurtun nan a ajiye masa a ɗaki, kada a zubar.

Falalu ya wuni yana jiran a zo a ce Ɗanmusa ya faɗi. Bai san me Nasara suke zubawa a kwalbarsu ba. Washegari tun rana ba ta yi zafi ba yana ƙofar gidan mahaucin, wai ya zo gaisuwa. Ya same shi zaune da ƙwaryar fura, yana sha yana gyatsa. Ƙugin ya tafi. Ko ruwan ne, ko kwanakin ciwon ne suka cika, Falalu bai taɓa sani ba. Ɗanmusa dai ya sani, kuma a ranar ya kai labarin kasuwar Kiyawa tare da naman da ya kai.

Kafin Laraba ta gama surfe ranar Laraba, labarin ya yi ƙafa. Mutane suka fara zuwa daga ƙauyukan Dutse, wasu har daga wajen Buji, su tsaya a bakin zaure su kalli allon, su shafa bango su shafe fuska. Masu kaji suka kawo kaji, wani Bafillace ya jawo rago, mata suka aiko da ƙwaryar gero. A bakin masu zuwa allon ya fara haske da kansa. Wata tsohuwa ta rantse ta ji ƙanshin turare yana fita daga cikinsa. Falalu, wanda ya san ƙanshin tsatsar ƙusa ne, ya ce mata, "Haka ne, Iya."

Malam bai fito ya karɓi gaisuwar kowa ba. Ya aiko da umarni ɗaya: kada a yanka ko kaza, kada a taɓa ko tsabar gero, a lura da wanda ya kawo kowane abu. Muridai suka ce wannan gudun duniya ne irin na manya.

Sai kuma abin ya biyo ta inda bai zata ba. Sharhabilu da sauran masu alƙalami suka shiga wajen Malam suka yi masa roƙo. Suka ce tunda a kan tawadar Falalu Allah ya nuna wannan abu, kuma mutumin nan ya daɗe yana hidima ba ƙorafi, ya kamata a dube shi. Sharhabilu ne ya fito da amsar, yana murmushi har kunne, ya same shi a bakin tukunya.

"Albishirinka, Malam Falalu."

"Wane malam kuma?"

"Jibi Juma'a. Malam ya ce a fiƙe sabon alƙalami. Ni zan fiƙe shi da hannuna. Ka wanke rigarka, don Allah, kada ka zo mana kamar gindin tukunya."

Falalu ya koma gida. Abin da ya jira shekara goma sha huɗu ga shi saura kwana biyu, kuma abin da ake bukata daga gare shi kawai ya rufe bakinsa. Ya gaya wa Laraba. Ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"To madalla. Sai a fara yi wa mutane rubutu. Da wacce za a yi, ta tukunya ko ta jinka?"

"Ke dai ba kya taya mutum murna."

"Ina taya ka. Ni dai in na yi ciwo, a kai ni wajen Malam Sharhabilu."

"Ai ba ƙarya na yi ba. Ban ce wa kowa komai ba."

"Haka ne, ba ka ce ba. Tsohuwar nan mai turare fa, me ka ce mata?"

Ranar Alhamis ya je wajen Malam har sau uku da niyyar faɗa. Na farko ya durƙusa, ya gaishe shi, ya tambayi jikin, ya tashi. Na biyu ya ce ya zo ya ga ko akwai ruwa a buta. Na uku ya kai har "Allah gafarta Malam, dama game da tawadar nan," Malam ya juyo da fuskarsa ya ce, "Na'am?" sai Falalu ya ji bakinsa yana cewa ƙaro ya yi wuya bana. Malam ya ce Allah ya sawwaƙe. Falalu ya fito yana gaya wa kansa cewa ai allon ya riga ya ɓaci, faɗa ba za ta wanke shi ba, Ɗanmusa ya warke, mutane sun ƙara son Malam, wa aka cuta? Ya wanke rigarsa ya shanya.

Juma'a bayan la'asar zauren bai ɗauki mutane ba, aka shimfiɗa tabarmi a waje ƙarƙashin marke. Aka yi zikiri aka gama. Malam yana zaune a kan buzunsa, allon yana jingine a gefensa, sabon alƙalami a hannunsa. Ya kira Falalu. Falalu ya taso cikin farar riga, ya durƙusa, ya miƙa hannu biyu.

Malam bai saki alƙalamin ba. Ya ce, "Sharhabilu, shiga ɗaki ka ɗauko kurtun ranar Litinin, da sabon allo." Aka kawo. Sannan ya ce, da muryar da kowa ya ji, "Al'adarmu, wanda aka ba izini ya fara da rubuta wa wani. Kai ni za ka fara rubuta wa, Falalu. Murar nan ta dame ni. Rubuta da wannan tawada mai albarka. In ta ƙi wankuwa, ka tsiyaya mini abin da ya rage a kurtun cikin ƙoƙo, in sha haka nan."

Jama'a suka yi kabbara. Falalu ya dubi kurtun, ya dubi tsohon da bai fi cikin riga ba, wanda ko fura sai an dama masa da ruwa-ruwa. Ɗanmusa ƙato ne, kuma wankin allo kawai ya sha. Wannan kuwa rabin kurtu ne.

"Allah gafarta Malam, ba za ka sha ba."

"Don me?"

"Ba tawa ba ce."

"Ɗaga murya, kunnena ma ya fara bin idona."

Falalu ya ɗaga. Ya faɗi kanti, ya faɗi akawu, ya faɗi kwalba, har dabinon surukinsa bai bari ba. Yana faɗa yana kallon ƙasa. Da ya gama, wurin ya yi tsit, sai ragon Bafillace da ke ɗaure a bayan zaure. Duk lokacin da ya kai nan a labarin, Falalu yakan tsaya ya ce wa mai sauraro, "Kada ka ce tsoron Allah ne ya buɗe bakina. Tsoron Allah ya zo sau uku ranar Alhamis, na sallame shi. Tsoron kada in kashe Malam a gaban mutane ne."

Ɗanmusa ne ya fasa shirun. "To ni me na sha ke nan?"

Malam ya ce, "Ka sha abin da Allah ya rubuta za ka sha, ka kuma warke da ikonsa. Zauna." Ya juya ga Falalu. "Ranar Litinin da na ja baƙin farko na ji alƙalami yana gudu, na ce a raina, yau Falalu ya wuce malaminsa. Har na yi maka addu'a. Da aka ce ya ƙi wankuwa na san ba hannunka ba ne, don naka bai taɓa yi mini gardama ba. Na jira mai ita ya zo. Ya zo sau uku yana duba mini buta."

Dariya ta ɓarke daga baya, ta zagayo har gaba. Falalu ya ce da a ce ƙasar gindin marken nan tana da ƙofa, da ya shiga ya jawo ta.

Malam ya bar su suka yi dariyar har ta ƙare. Sannan ya ɗauko tsohon allon ya ɗora a cinyarsa, yana shafa mariƙin fatar. Ya ce, ba da ƙarfi ba, "Wannan shi kaɗai ne abin da ya rage mini na malamina." Nan dariyar ta mutu. Wannan magana ɗaya, in ji Falalu, ta fi masa bulala ɗari.

Hukuncin kashi uku ne. Na farko, kowace kaza da kowace ƙwarya, Falalu zai mai da ita gidan da ta fito da ƙafarsa, ya kuma yi wa mai ita bayani da bakinsa. Ya yi kwana tara yana wannan yawo. Wasu sun karɓa suna dariya, wasu sun zage shi. Bafillacen ya saurare shi har ƙarshe, ya karɓi igiyar ragonsa, ya ce shi dai ya ga allon da idonsa, kuma ya san manyan malamai sukan ɓoye abinsu. Na biyu, zai kankare allon da hannunsa, a hankali, a kan farin ƙyalle, don kada garin ayoyi ya zuba a ƙasa. Ya yi ta yi da 'yar wuƙa da yashi mai laushi har allon ya yi siriri, aka haƙa rami mai tsabta aka binne garin. Ko bayan haka, in aka karkata allon a rana, ana ganin inuwar baƙaƙen a cikin itacen. Na uku shi ne wanda bai da ranar ƙarewa: duk inda ya ji ana danganta wa Malam wannan abu, ya tsaya ya gyara.

Zancen alƙalami bai sake tasowa ba, shi ma bai sake kai allonsa bayan kaka ba. Ya koma tukunyarsa. Ragowar ta kwalba Laraba ta karɓe ta rina bakin wani tsohon zane da ita, ta ce ko ba komai ta ga dabinon ubanta a jikinta.

Bayan shekara biyar Malam ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Wata ranar Juma'a da la'asar ya ce a fito da shi zaure, a kira Falalu. Ya laluba ƙarƙashin buzu ya zaro alƙalami, wanda Sharhabilu ya fiƙe tun wancan karon, ya bushe har ya yi fari.

"Masu rubutu ina da su bakwai," in ji Malam. "In ɗaya ya tafi, shida za su rubuta. Abin da ke shiga cikin mutane kuwa daga tukunya ɗaya yake fitowa. Da na ba ka wannan tun farko, da ka bar ta, da kuma mun sami rubutun da ba mai iya karantawa da tawadar da ba mai iya sha. Ungo. Na yi maka izini."

Falalu ya karɓa da hannu biyu, hawaye suna zuba a gemu.

"Izinin alif ɗaya," Malam ya ƙarasa. "Duk tawadar da za ta shiga kurtu a gidan nan, ka fara jan alif da ita a sakaina, ka bari ya bushe, ka wanke. In ya fita, a kawo. Kada ka wuce alif, Falalu, don na san abin da ke biyo baya."

Malam ya rasu a makon. Sharhabilu ya gaje zauren, Falalu ya ci gaba da dafa masa tawada, daga baya ya dafa wa ɗansa. Allon yana rataye inda yake, baƙi suna zuwa suna karkata shi a rana, suna ganin inuwar rubutu, suna kabbara. In Falalu yana kusa sai ya taso da sandarsa ya fara, "Zauna ka ji." Yawancinsu sukan saurara don ganin girman furfura, su fita su ci gaba da faɗin abin da suka zo da shi.

Waɗanda suka riske shi sun ce har ya tsufa tukuf alƙalamin yana cikin wani ɗan kube na fata a wuyansa, sakainar kuma tana kan katanga kusa da murhu, tsakiyarta ta yi fari saboda wanki. Wata rana wani baƙon malami daga Garki, da ya ji an ce tsohon nan ya zauna da Malam Uwaisu shekara goma sha tara, ya durƙusa gabansa ya tambaye shi wane asiri Malam ya bar masa. Falalu yana tsakiyar gwada sabuwar tawada. Ya ja layinsa, ya ɗan karkace kamar kullum, ya ɗaga sakainar ya nuna masa.

"Ga shi nan," ya ce. "Bari ya bushe in wanke."